Wayar da Aka Binne: Tsakanin "Gidana Ne" da "Ƙaddara Ce"

A shekarar 2004 wata mata mai shekara 34, uwar yara biyu, ta rasu a kicin ɗin gidanta a birnin Landan. Wutar lantarki ce ta kashe ta, alhali ko waya ba ta taɓa ba. Maginan da suka yi kicin ɗin shekarun baya sun bi da waya cikin bango a karkace, ta wurin da ƙa'idar aikin ba ta yarda waya ta bi ba, suka rufe bango suka tafi. Daga baya mijinta ya kafa wani maratayin ƙarfe na ludayi da cokula, ƙusar da ya ɗaure shi da ita ta gogi wayar da ba ya gani. Ranar da abin ya faru, hannunta yana kan maratayin, ƙafarta kuma tana jikin ƙofar injin wanke kwanoni, sai wutar ta sami hanya ta jikinta. Mahaifiyarta, Jenny Tonge, 'yar majalisar dokokin Birtaniya ce a lokacin, shi ya sa labarin ya kai ko'ina.

Ƙa'idar da maginan suka karya gajera ce. A Birtaniya, wayar da aka ɓoye a bango dole ta miƙe sama, ko ƙasa, ko gefe daga soket ko makunni, ko kuma ta bi cikin santimita 15 daga silin ko daga kusurwar ɗaki. Wuta ba ta damu da wannan ba, ko ta ina aka bi da waya fitila za ta kama. An yi ƙa'idar ne domin wani mutum da mai aikin bai sani ba, wanda zai zo bayan shekara biyar ko ashirin da abin huda bango a hannu, ya dubi inda soket yake ya gane inda ba zai huda ba.

'Yan watanni bayan wannan rasuwa, ranar 1 ga Janairun 2005, wani sabon sashe na dokar gini, wanda ake kira Sashe na P, ya fara aiki a Ingila da Wales. An daɗe ana shirya shi tun kafin faruwar lamarin. Ya wajabta wa duk wanda zai yi wasu ayyukan wuta a gidansa, ciki har da jan wuta zuwa lambu, ko dai ya ɗauko ma'aikaci mai rajista, ko ya sanar da hukuma ta zo ta duba. Masu sha'awar yin aikin gida da hannunsu, waɗanda ke da yawa ƙwarai a ƙasar, sun yi ta ƙorafi. A 2013 Ingila ta sassauta dokar, amma har yanzu jan sabon layi daga akwatin rarraba wuta, kamar wanda ake kai wa gareji, yana cikin abin da sai an sanar. A Ostareliya an ƙi sassaucin gaba ɗaya: wanda ba shi da lasisi ba ya yin wayarin ko a gidan da ya saya da kuɗinsa. A Amurka kuwa wurare da dama suna barin mai gida ya yi, da sharaɗin ya karɓi izini kuma mai dubawa ya ga aikin kafin a rufe shi.

Ƙasashe uku, amsoshi uku, tambaya ɗaya: ina iyakar ikon mutum a cikin abin da ya mallaka?

Tambayar ta daɗe da shigowa gidajen Kano da Katsina da Maradi, ko da babu wanda ya rubuta ta a takarda. Mai gida ya gina gareji, yana son fitila da soket biyu, ɗaya na cajin batir, ɗaya na ɗan injin walda ko na hura taya. Ya dasa zogale da gwaiba a bayan gida, yana son famfon da zai ja ruwa daga rijiyar burtsatse, da fitilu a kan katanga. Ga sola da inbata sun shigo, ga janareta. Kuɗin mai wayarin ya yi masa yawa, ko kuma an taɓa yi masa aikin ha'inci ya daina yarda da kowa. Sai ya sayo waya da salatif da tesita, ya kalli bidiyo biyu a waya, ya ce bismillah. In aka yi masa magana, amsar farko ita ce, "Ai gidana ne." In kuma wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye, amsa ta biyu ta makoki ce: "Ƙaddara ce, kwana ya ƙare."

Kafin a ce komai a kan amsoshin nan biyu, ya kamata a ba mutumin nan haƙƙinsa. Addini bai raina wanda ke yi wa gidansa aiki da hannunsa ba. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan ɗinke takalminsa da tufarsa, yakan kuma yi wa iyalinsa hidima. An yabi Annabi Dawud, alaihis salam, da cin abinci daga aikin hannunsa. Magidancin da ya zauna da biro da takarda ya lissafa abin da garejinsa zai ci ya fi wanda ya miƙa kuɗi bai tambayi komai ba. Lissafin ma ba mai wuya ba ne. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, soket mai ƙafa uku irin na Ingila kuma yana ɗaukar amfiya 13, wato kusan wat 3,000. Famfo mai ƙarfin doki ɗaya yana cin wajen wat 750 in ya daidaita, amma lokacin tashi yakan ja ninkin hakan sau da yawa. Waya mai kaurin milimita 1.5 ta fitilu ce, mai 2.5 ta soket, kuma in nisa ya yi yawa, kamar daga ɗakin mita zuwa ƙarshen lambu, ƙarfin wuta yana raguwa a hanya, dole a ƙara kaurin waya. Duk wanda ya fahimci wannan ba za a sayar masa da wayar alminiyam da aka yi wa fuskar jan ƙarfe ba, kuma ba zai bari a haɗa masa injin walda a layin fitila ba. Wannan ilimi ne mai amfani, neman sa abin yabo ne.

Matsalar tana farawa ne daga inda wannan lissafin ya tsaya. Lissafin wat yana kare waya daga zafi, yana kare gida daga gobara. Ba ya kare jikin mutum.

Charles Dalziel, malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya shafe shekaru yana auna abin da jikin ɗan Adam ke iya ɗauka, yana gwaji da mutanen da suka ba da kansu. Ya gano cewa matsakaicin namiji yana kasa sakin wayar da ya riƙe in wutar da ke ratsa shi ta kai wajen miliamfiya 16, mace kuma wajen 10 da ɗoriya, domin tsokar hannu tana damƙewa da kanta. Miliamfiya kashi ɗaya ne cikin dubu na amfiya. In ta haura hamsin zuwa ɗari ta bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya har ta tsaya. Bireka ko fis ɗin da ke akwatin gida kuwa ba zai motsa ba sai wuta ta wuce amfiya 16, ko 20, ko 32. Wato mutum zai iya mutuwa a jikin waya, bireka kuma bai ga dalilin faɗuwa ba.

Gareji da lambu sun fi ɗakin kwana haɗari saboda ƙasa da ruwa. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta. Jiƙaƙƙiyar fata, da ƙafa babu takalmi a kan daɓen siminti ko a kan ƙasar da aka yi wa ban-ruwa, tana buɗe hanya. In juriyar jiki ta sauko zuwa om dubu, bolt 230 zai tura miliamfiya 230 ta cikinsa. Su wa ke yawo a lambu ƙafa babu takalmi da jiƙaƙƙen hannu? Yara, da matar gida mai shanya, da yaron da ake ba wankin mota, da almajirin da ke ɗiban ruwa a famfo. Mai gidan da ya ja wayar yana sanye da takalmi, ya kuma san inda ya naɗe da salatif.

Nan ne "gidana ne" ke rasa ƙafar tsayawa, kuma malaman fiƙihu sun riga injiniyoyi isa wurin, da misalin rijiya. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya bambanta tsakanin wanda ya haƙa rijiya ko ya ɗaure dabba a hanyar Musulmi inda bai halatta ba, wanda ya ɗora wa lamunin duk abin da ya faru, da wanda ya yi abin da yake da haƙƙin yi. A kan wannan, mai gareji zai iya cewa shi cikin mallakarsa ya yi aikinsa. Amma malamai ba su tsaya nan ba. Imam Nawawi ya kawo a Minhaj mas'alar wanda ya haƙa rijiya a zauren gidansa, sannan ya kira wani ya shigo ya faɗa, ya rinjayar da cewa mai gidan zai yi lamuni. A Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, akwai maganar bangon da ya karkata aka gargaɗi mai shi, yana da halin gyarawa bai gyara ba har ya faɗa wa wani: shi ma yana da lamuni. Gida mallakarsa ne, babu mai ja. Ran wanda ya shigo gidan ba mallakarsa ba ne. Yanke hukunci a kan wani lamari na musamman aikin alƙali ne, amma alƙiblar waɗannan mas'aloli a bayyane take.

Akwai kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito a kan wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, inda aka ɗora masa lamunin ɓarnar da ya yi. Kyakkyawar niyya ba ta ɗauke masa ba. Malamai sun fahimci cewa laifin yana cikin kutsawa aikin da ran mutane ya rataya a kansa ba tare da an ƙware ba. Da wuya a sami dalilin da zai sa wannan ya tsaya a kan wanzami da mai ɗori, ya tsallake mai haɗa waya a wurin da yara ke wasa da ruwa. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 92, ya ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, wato a kan wanda bai yi nufin kisa ba sam. Tunanin ya ma girmi littattafan fiƙihu. Dokokin Hammurabi na Babila, wajen shekara 1,750 kafin haihuwar Annabi Isa, sun yanke wa magini hukuncin kisa in gidan da ya gina ya rushe ya kashe mai shi, kuma Attaura, a babi na 22 na littafin Maimaitawar Shari'a, ta umarci mai sabon gida ya yi wa rufinsa rawani don kada wani ya faɗo jininsa ya hau kansa.

Amsa ta biyu, "ƙaddara ce", ta fi wuyar taɓawa, domin gaskiya ce. Babu Musulmin da zai musanta cewa ajali rubutacce ne. Wanda ya ce wa uwar da ta rasa ɗa "ƙaddara ce" ya faɗi abin da ya dace a wurin da ya dace, kuma babu mai hankalin da zai je gidan makoki da lissafin miliamfiya. Abin da ba ya halatta shi ne a ɗauko wannan kalma daga wurin ta'aziyya a kawo ta wurin aiki, a mai da ita dalilin ƙin sayen abin da ya kamata a saya.

Sahabbai sun san bambancin. Lokacin annobar Amwas, Sayyadina Umar ya kama hanyar Sham, da ya isa Sarg aka gaya masa cutar ta ɓarke. Ya yi shawara, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, Umar ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa, da ƙaddara ya kai su, amma an san wanda mai hankali zai zaɓa. Labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure taguwarsa sannan ya dogara ga Allah kuwa kowane ɗan makarantar allo ya ji shi. Labarin da ya fi kusa da maganar wuta shi ne wanda Buhari da Muslim suka kawo: wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da labari ya isa ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya umarci mutane su riƙa kashe wuta in za su kwanta. Ba a taɓa samun wanda ya fi shi imani da ƙaddara ba, amma abin da ya fitar daga wannan musiba umarni ne na aiki.

Abin da ke matsayin kashe wutar dare a yau wata 'yar na'ura ce da ba ta kai tafin hannu ba. A Ingila ana kiranta RCD, a Amurka GFCI. Aikinta ta auna wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar. In suka bambanta, to wani ɓangare ya bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Tarihinta ya bi ta Afirka. A 1955 wani injiniya mai suna Henri Rubin ya ƙera irinta domin ma'adinan zinariya na Afirka ta Kudu, kuma bayan wuta ta kashe wata mata a gidanta a garin ma'adinai na Stilfontein, ya ƙera mai saurin ji wadda aka sa a gidajen garin. Dalziel ya fito da tasa a 1961. Ƙa'idar wayarin ta Amurka ta wajabta ta a soket ɗin waje a farkon shekarun 1970, a banɗaki a 1975, a gareji a 1978. Ta Amurka tana yankewa a wajen miliamfiya 5, ta Birtaniya da ake sa wa don kare rai a 30. Mutumin da ya san da wannan na'ura, yana da kuɗinta, ya ja wuta zuwa famfon lambu bai sa ta ba, ya bar sababin da Allah Ya hore masa. Kiran wannan tawakkali zalunci ne ga kalmar da ga yaran gidan.

Sai maganar binnewa, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Wayar lambu ƙarƙashin ƙasa take bi, kuma ranar da aka mayar da ƙasa aka daddaɓe, babu wanda zai sake ganin aikin. Ƙa'idar Amurka ta ce wayar da aka binne kai tsaye ta yi zurfin inci 24, wajen santimita 60, wadda ke cikin bututun roba kuma inci 18. A Birtaniya akan yi amfani da waya mai sulken ƙarfe, a shimfiɗa wani ƙyallen roba mai launi a samanta, domin shebur ya fara cin karo da gargaɗi kafin ya kai ga waya. Wanda ya ga ramin ya yi masa wuya ya tsaya a taƙi ɗaya, ya jefa wayar ɗaki wadda ba a yi ta don danshi ba, ya yi haɗi a tsakiya da salatif, fitilarsa za ta kama daidai da ta wanda ya bi ƙa'ida. Bambancin zai fito ne bayan damina uku ko huɗu, in ruwa ya shiga haɗin, ko ɓera ya ci bawon, ko wani ya zo da diga zai dasa mangwaro. Wataƙila a lokacin an sayar da gidan, ko an raba gado. Mai digar bai taɓa jin sunan wanda ya binne wayar ba.

Abin da addini ke kira kyautatawa, wato mutum ya yi aiki da sanin cewa Allah yana ganinsa ko da babu idon kowa, a irin wannan rami ake gwada shi. Amana ce da aka ɗauka daga mutanen da ba su san sun ba da ita ba.

Haka abin yake ga janareta. Wanda ya ƙi sayen abin sauya layi, ya cusa wutar injinsa cikin soket ɗin gareji kai tsaye, yana iya mayar da wuta kan wayar titi. Taransifoma kuma tana aiki ta kowane ɓangare, tana iya ɗaga wannan wuta zuwa dubban bolt a kan layin da ma'aikaci ya hau yana zaton an kashe. Wanda kuma ya kunna injin a gareji ya rufe ƙofa saboda ɓarayi, hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, tana ratsawa ɗakuna tana kashe masu barci. Jaridun Najeriya sun sha kawo labarin iyalan da aka wayi gari aka tarar da su haka.

Za a iya cewa duk wannan maganar masu hali ce, talaka ba shi da kuɗin ƙwararre, kuma ƙwararrun ma suna ha'inci. Rabi na biyu gaskiya ne, kuma labarin Landan shaida ne: magina da aka biya ne suka bi da wayar a karkace. Malikiyya sun daɗe da ɗora wa masu sana'a lamunin abin da aka damƙa musu, saboda sanin cewa in babu shi sakaci zai yawaita. A Najeriya akwai hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, mai ba masu aikin wuta shaidar ƙwarewa da duba ayyuka, amma takarda ita kaɗai ba ta sa mutum tsoron Allah. Sai dai ha'incin wani ba ya mayar da jahilcin wani ilimi. Tesitar da ke haske in ta taɓa waya tana nuna akwai wuta ne kawai. Ba ta auna ko sandar da aka kafa a ƙasa tana aiki, ko bawon waya yana yoyo, ko na'urar kariya tana yankewa a kan lokaci. Waɗannan sai da kayan awo, da wanda ya iya karanta su.

Rashin kuɗi kuwa yana da mafita wadda ba ta taɓa ran kowa ba. Fitilun katanga masu ɗauke da ɗan faifan sola a jikinsu ba sa bukatar a ja musu waya ko ɗaya. Mai gida zai iya yin tsarin da kansa, ya haƙa ramin da kansa har zurfin da ya dace, ya shimfiɗa bututu, ya kafa akwatunan da ruwa ba ya shiga, ya sayo waya mai kyau da idonsa. Wannan shi ne mafi yawan wahalar da kuɗin. Haɗawa da akwatin rarraba wuta, da kafa wayar ƙasa, da gwaji na ƙarshe, su ne abin da ya wajaba ya bar wa wanda ya ƙware, kuma ya tsaya a kansa ya ga an yi kafin a mayar da ƙasa. In kuɗin wannan bai samu ba bana, lambun ya jira baɗi.

Wanda kuma ya riga ya ja wayarsa shekarun baya, ƙofar gyara a buɗe take. Ya kashe layin lambun, ya kira mai kayan awo ya duba, ya sa na'urar kariya in babu. In akwai, ya danna maɓallin gwajin da ke jikinta ya ga ko tana yankewa, abin da ƙa'idar Birtaniya ta ce a riƙa yi duk wata shida. Sannan ya zana a takarda inda kowace waya ta bi da zurfinta, ya ajiye tare da takardun gida, ya nuna wa iyalinsa da duk wanda zai ba aikin haƙa. Ya yi wannan kafin ruwan farko ya sauka.